Tarihin rayuwata, kashi na 9: "Ci ba ƙiba"

Jama'a barkanmu da warhaka. Makon jiya na tsaya a haihuwata ta uku, to shekara biyun da suka biyo baya ba abin da zan iya tunawa a cikinsu sai rama da bugun zuciya.

"Ci ba ƙiba, asarar hatsi." Haka Hajiya take ce mun a gaban ƙannen mijina, wani lokacin har da baƙi a zaune. Kuma gaskiya ina ci, in tashi daga kan kwano anjima kaɗan yunwa ta dawo kamar ban sa komai a bakina ba, amma na sauko daga kilo 68 zuwa 51. Dare ya yi kowa na barci ni ina zaune zuciya na dukan ƙirjina fat fat fat, zufa ta jiƙa filo ko ana sanyi, in ɗauki kofi hannu na rawa har ruwan ya zube, abu kaɗan na hau yara da faɗa. Baban yara ya ce na cika sa abu a rai.

Ranar da numfashi ya gagare ni aka kai ni asibiti, nas ta kama tsintsiyar hannuna ta ƙirga 130 a minti ɗaya, alhali na babba mai lafiya in yana hutawa 60 ne zuwa 100. Likita ya duba takardar ECG, wato gwajin bugun zuciya, ya ce bugun ma ba a jere yake ba. Sai ya ɗora yatsu a gaban wuyana ya ce in haɗiyi yawu. A raina na ce ni da na zo da zuciya me ya kai shi wuya? Ashe tayirod ce, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Ita ke fitar da sinadaran T4 da T3 masu saita yadda jiki ke ƙona abinci da saurin bugun zuciya, tawa kuma ta wuce gona da iri, cutar Graves ya kira ta. Aka ban propranolol don bugun ya lafa, da carbimazole don rage sinadaran, shi wannan ya ja kunnena cewa in na ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro in ajiye maganin in zo gwajin jini a ranar.

Ina rubuta wannan Inna ta faɗo mun a rai, Allah ya jiƙanta. Tun ina yarinya akwai kumburi a wuyanta, kullum tana dafe ƙirji, ƙarshe ɓarin jikinta ya shanye. Sai daga baya na ji irin wannan bugun mara tsari yana sa jini ya daskare a zuciya ya tafi ƙwaƙwalwa. Ba wanda ya taɓa kai ta gwajin TSH, wato gwajin jini na duba aikin tayirod, har da ni, abin na cina har yau.

Da ciwon ya dawo aka ban aidin mai radiyeshan don ya rage ƙarfin tayirod ɗin, sai abin ya juye, sinadarin ya yi kaɗan. Ƙiba, sanyi, barci, bayan gida da ƙyar, bugun ya koma 54, kolestarol, wato kitsen jini, ya hau saboda in sinadarin ya yi kaɗan hanta ba ta kwashe shi daga jini yadda ya kamata. Hajiyar da ta ce ci ba ƙiba ita ce dai ta ce hutu ya mun yawa. Wallahi na yi kuka ranar, bakin nan ɗaya, magana biyu, ba wadda aka tambaye ni ya jikina.

Yanzu levothyroxine, mai maye gurbin sinadarin, nake sha da asuba da ruwa zalla, in jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin in ci komai, maganin ƙarin jini kuma sai bayan awa 4. In an canza mun yawan ƙwayar sai na koma gwaji bayan sati 6 zuwa 8. Na taɓa kai wa Hajiya takardar sakamakon har ɗakinta na karanta mata, ta ce "Allah ya sawwaƙe" ta ci gaba da jan carbinta.

Mako mai zuwa in sha Allah zan ba ku labarin cikina na huɗu da yadda aka ƙara mun maganin tun watan farko.