Furen Da Ba Ya Zama Inda Aka Ajiye Shi

A ɗan lambuna na bakin titi a Kaduna, babu abin da ke fita da sauri kamar wedeliya, wannan mai yaɗon da ke fitar da fure rawaya, girmansa bai fi murfin kwalba ba. Wasu na ce mata furen Singafo, alhali asalinta Meziko ne da Amurka ta Tsakiya.

Ba ma wahalar neman iri. Reshe muke yanka mai gaɓa uku, mu tsige ganyen ƙasa, mu soke shi a ledar fiya wata da muka cika da ƙasa, yashi da busasshen kashin shanu. Ɗanyen kashi ƙona ta yake yi, na sha gaya wa yarana. Sati biyu a inuwa ana yayyafa ruwa safe da yamma, sai ka ɗaga leda ka ga fararen jijiyoyi sun leƙo ta hujin ƙasa. Daga nan sai rana, don in ta daɗe a inuwa ganye kawai za ta tara, fure sai ɗai-ɗai. Da hunturu takan yi ƙura ta yamutse, amma ruwa sau biyu a sati ya ishe ta.

Rainonta ba aiki ba ne, tsare ta ne aiki. Duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta yi jijiya. Tun shekarar 2000 ƙungiyar IUCN, mai kula da kare halittu da muhalli a duniya, ta sa ta cikin halittu ɗari mafiya ɓarna wajen mamaye wuri, ni kuwa a gidan wata Hajiya na gani da idona. Leda talatin ta saya, na dasa mata kusa da alayyafonta ban yi mata kashedi ba. Damina ɗaya, sai ga waya: "Malam, furenka ya cinye min lambu." Kwana biyu muka yi da fartanya, ban karɓi ko sisi ba.

Yanzu kafin in miƙa leda sai na tambayi inda za a dasa. Gangare mai zaizaya, ko kwalbati da siminti ya kewaye, bismilla. Kusa da ciyawar tsakar gida ko kayan miya kuwa, sai in nuna wani furen, ko da cinikin zai ragu. Wanda muka aske ma ba ya shiga bola ko kwata ɗanye, a kan kwano muke shanya shi ya bushe ƙarau sannan mu ƙona.