Ɗaukar Biki da Kyamarar DSLR (Mai Madubi da Canjin Lens): Daga Ɗaurin Aure Zuwa Dina

Duk wanda ya tambaye ni wace kyamara zai saya don aikin biki, nakan ce masa ya raba kuɗinsa gida biyu, kada kyamarar ta cinye fiye da rabi. Da Canon 80D nake yawancin aikina, hoto da bidiyo, sai 600D a jaka don ko-ta-kwana. Ta farkon ta fito a 2016, ta biyun tun 2011, kuma har yau suna fitar da aikin da ake biya. Abubuwan da ke ɓata aiki a wajenmu su ne zafin rana, wutar hol, sauti, memori da ƙura, kuma kowannensu da kayan da ke maganinsa.

In ta hannu za ka saya, ka nemi sanin sau nawa shatarta, wato labulen da ke buɗewa ya rufe a kowane hoto, ta buga. An ƙera ta 80D ta yi kimanin bugu 100,000, don haka wadda ta haura 80,000 sai da ragin kuɗi mai kyau. Nikon tana rubuta wannan adadi a cikin bayanan hoto, Canon kuwa sai an haɗa ta da kwamfuta. Ka jona makirfo ka saurara, ka ɗora filash ka buga, tun kana gaban mai sayarwa.

Lens ɗin da ke zuwa da kyamara, 18-55, ba laifi da rana. Matsalarsa in ka zuƙo zuwa 55mm ba ya buɗewa fiye da f/5.6 (lambar f ita ce faɗin ƙofar lens, ƙaramar lamba ta fi shigar da haske), alhali 50mm f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a lens ɗin Canon, yana shigar da haske kusan ninki goma a kan haka. Amma a lura da abu biyu. Sensar waɗannan kyamarori, wato farantin da ke kama hoto a ciki, ƙarama ce, sai ka ninka adadin mm na lens da 1.6, wato 50mm yana gani kamar 80mm. A ɗakin amarya, ga gado ga akwatuna ga ƙawaye, bayanka zai daki bango ba ka samu rabin jikinta ba. Na biyu, a f/1.8 in mutum yana nesa da kai da mita biyu, wurin da ke fitowa tar bai wuce santimita 11 ba, ko taƙi bai kai ba. Ka jera 'yan anko sahu biyu a haka, sahun baya duk zai dushe. Hoton taro nakan koma f/5.6 ko f/8. Lens ɗin da ke wuni a jikin kyamarata shi ne 17-50 f/2.8, Sigma da Tamron duk sun yi shi. 50mm kuwa sai hoton amarya ita kaɗai da na lalle da gwal.

Wajen ɗaurin aure ake fara gane wanda ya iya. Yawanci tsakar rana ake yi, maza cike da fararen shaddodi. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani ruwan toka, to in fari ya cika hoton sai ta rage haske, fuskoki su koma baƙi ƙirin, musamman ƙarƙashin hula ko rawani. In ka ƙara haske da yawa kuma, aikin da ke wuyan babbar riga ya ƙone, ba mai dawo da shi. Nakan saka Manual, wato saiti da hannu, in ɗauka a RAW, ɗanyen fayil mai karɓar gyara, in kunna alamar nan da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa a allo. Ina ƙara haske har sai shaddar ta fara ƙyaftawa, sai in ja baya kaɗan. Fuskar kuma filash ke cike ta. Sai dai filash yana da iyakar saurin shata: 1/250 na sakan a 80D, 1/200 a 600D. Ka wuce nan da filash ɗin da ba ya magana da kyamara, baƙin layi zai yanke gefen hoton. A rana tsaka nakan fara da ISO 100 (ISO shi ne ƙarfin jin haske na kyamara), 1/200, f/11, kuma kada ka yi nisan da ya wuce mita biyu zuwa uku, don ƙaramin filash ba ya ja da rana daga nesa. Mafi sauƙi dai, in ango zai yarda, a jawo shi inuwar rumfa.

Bidiyo kuwa lissafinsa daban. Ina ɗauka a firem 25 cikin sakan, shata 1/50, wato ninkin firem, don motsi ya fito yadda ido ya saba. Da 1/50 a rana tsaka, ko a ISO 100 sai ka matse lens zuwa f/22, kuma a nan hoto yana rage kaifi, duk wani ɗigon ƙura da ke kan sensa ya fito fili. Maganinsa filtar ND, baƙin gilashi mai rage haske. Daga f/22 zuwa f/8 mataki uku ne, ND8 ke nan. Zuwa f/2.8 mataki shida, sai ND64. Akwai wadda ake murzawa tana ƙara duhu, tana da saurin aiki, amma masu arha in ka kai su ƙarshe a 17mm sai wani duhu mai siffar X ya gicciye hoton. Ka sayi filta ɗaya mai faɗi, 77mm, da zobban da ke haɗa ta da ƙananan lens: bakin 18-55 na Canon 58mm ne, na 50mm STM kuma 49mm. Adadin yana rubuce a gaban lens ko a cikin murfinsa.

Da an shiga hol da dare, abu na farko da nake dubawa shi ne rawar haske. Wutar Najeriya da Nijar 50Hz ce, fitila tana yin sama da ƙasa sau 100 a sakan, ido ba ya gani amma kyamara tana kamawa. Kyamarorin da aka kawo daga Amurka kan zo a kan tsarin bidiyo na NTSC, firem 30 ko 60, shi ya sa za ka ga layuka suna tafiya a bidiyon wasu. Ka shiga menu ka mayar da ita PAL, tsarin firem 25 ko 50, shata ya tsaya a 1/50 ko 1/100. In janareto ake amfani da shi, saurin injin yana sauyawa duk lokacin da aka ƙara masa kaya, don haka nakan nuna kyamara ga farin bango in duba allo da kyau, in akwai layi in gwada 1/60. Wasu fitilun dije masu launi ba su da magani ko kaɗan. Su ne kuma ke mayar da fuskar amarya shuɗiya ko ruwan hoda, kwalliyar da aka biya kuɗi mai yawa ta tashi a banza. Don haka nake zuwa da fitilata: LED mai cin batirin NP-F970, a kan sanda, sama da kai kaɗan, daga gefe ba tsakiyar fuska ba, da farin yadi a gabanta don ta yi taushi. Launin haske ma ba na barin sa a Auto, don zai riƙa sauyawa ana cikin ɗauka. A 80D ana saka adadin da hannu, kimanin 5500K ga fitila fara, 3200K ga mai ruwan ɗorawa. 600D ba ta da wannan, sai ka ɗauki hoton farar takarda a ƙarƙashin fitilar ka ce mata wannan ne fari. ISO ba na son wuce 1600 a 80D, 800 a 600D, daga nan inuwa kan fara yin tsaki-tsaki.

Hoton dina filash ke yin sa. In silin fari ne kuma bai yi tsawo ba, ka harba sama hasken ya dawo. In an lulluɓe shi da yadi ja ko kore, launin zai sauko kan mutane, sai dai ka ɗora filash a sanda da lema. Filash irin Godox TT600 ko Yongnuo YN560 sun isa. Nakan fara da 1/125, f/4, ISO 800, ƙarfin filash 1/8, in gyara daga nan. Batirin AA mai caji ya fi na yarwa saurin cika filash, kuma lokacin liƙi, da ake buga hoto ba ƙaƙƙautawa, rage ƙarfin ya fi, don in ya yi zafi yakan tsaya da kansa.

Sauti ne inda na fi ganin ana sakaci, kuma shi ne iyalai suka fi jin zafinsa, don hoto in ya ɗan dushe za a kalla, amma bidiyon da ba a jin sigar ɗaurin aure a cikinsa ba shi da amfani. Makirfon cikin kyamara yana kama motsin hannunka da ƙarar injin lens fiye da maganar liman. Dogon makirfo na saman kyamara, irin Rode VideoMic, ya fi shi, amma ba ya jawo murya daga nesa kamar yadda ake zato. Kusanci ne kawai ke gyara sauti. Waliyyi da wakilin ango sukan yi magana ƙasa-ƙasa cikin cinkoso, to nakan nemi izini tun kafin a zauna, in ajiye ƙaramar rikoda Zoom H1n a kan darduma tsakaninsu, ko in maƙala wa mai sanarwa makirfon wuyan riga. Ina saka rikodar a tsarin fayil na WAV, 48kHz, daidai da na kyamara, in daidaita ƙarfin yadda magana mai ƙarfi za ta tsaya wajen -12dB a ma'aunin sautin rikoda. A dina kuma waya nake ja daga mikisar dije, ta ramin da aka rubuta Rec Out, zuwa rikoda. Sautin da ke fitowa daga nan yana da ƙarfi sosai, sai an rage shi ƙasa, kuma ka bar sarari mai yawa, domin da an fara liƙi dije zai ƙure komai. Sautin da ya fashe ba ya gyaruwa a wajen tacewa. Kafin a fara, tafi ɗaya a gaban kyamara ya isa ka haɗa sautin da hoton daga baya. In kai tsaye za ka jona makirfo a kyamara, ka cire sautin daga Auto, don duk lokacin da aka yi shiru sai ta ƙara ƙarfi da kanta, ka ji wani "shhh" yana tashi. Mai amfani da makirfon wuyan riga Boya BY-M1 ya duba maɓallin jikinsa yana ɓangaren kyamara ba na waya ba, ya kuma riƙe batirin LR44 na canji. 80D tana da ramin abin saurare na kunne, 600D babu, wannan kaɗai ya isa dalilin fifita ta farkon. Da hunturu kuma, a waje, dole makirfo ya sa rigarsa mai gashi, soso kaɗai ba ya tare iska.

Waɗannan kyamarori ba sa wuce minti 29 da sakan 59 a ɗauka ɗaya. 600D ma ba ta kaiwa nan, da fayil ya cika 4GB take tsayawa, kimanin minti 12 ke nan, kuma ba ta yin wata ƙara da za ka ji a cikin hayaniya. Nakan tsayar in sake kunnawa a tsakanin jawabai, rikoda tana ci gaba da aikinta. A 80D tsarin adana bidiyo na ALL-I yana cin wajen 650MB a minti, memori 32GB bai kai awa ɗaya ba. Tsarin IPB kuwa zai ba ka sama da awa biyu, kuma ya ishi biki. Ka nemi memori mai alamar U3 ko V30. Jabu sun yi yawa a kasuwa: kwamfuta za ta nuna maka 128GB alhali ainihin cikinsa kaɗan ne, kyamara ta yi ta rubutawa, sai ka dawo gida fayilolin sun ƙi buɗewa. Kowane sabon memori sai na cika shi da manhajar H2testw na ga sakamako kafin ya je aiki. Tunda ramin memori ɗaya ne a kyamarar, na fi son 32GB ko 64GB guda da yawa a kan babba guda. A cikin kyamara nake goge shi, kuma sai aikin ya shiga wuri biyu daban.

Batirin 80D, LP-E6N, yana buga ɗaruruwan hotuna, amma a bidiyo bai cika kai awa biyu ba. Huɗu nake ɗauka. Kyamarar da za ta tsaya wuri ɗaya a kan ƙafa uku, akwai batirin bogi mai waya da ake jona shi da fawa bank. Ita ƙafa ukun, kanta ya zama mai mai a ciki wanda ke juyawa sumul, na hoto yana fizga. Cikin taro sandar kyamara mai ƙafa ɗaya ta fi, ba mai tuntuɓe da ita. Af, kamu da sa lalle taron mata ne, gidaje da yawa mace suke so ta ɗauka, kuma ko ina ne ba na saka hoton kowa a Instagram sai masu biki sun amince.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba na canza lens a fili. In ya zama dole, nakan shiga mota ko ɗaki, in kashe kyamara, in kifa bakinta ƙasa, sabon lens yana hannu a shirye. Don gano ko ƙura ta shiga, ka ɗauki farin bango a f/16 ka zuƙo hoton a kwamfuta; ɗigon da ke wuri ɗaya a kowane hoto a kan sensa yake. Da cikakken batir, ka zaɓi tsaftacewa da hannu a menu, madubi ya ɗaga, ka hura da robar hura iska ba tare da bakinta ya taɓa komai ba. Ban da hurawa da baki, ban da auduga. Gilashin lens ma a fara hure shi kafin a goge, don ƙurar hunturu yashi ce, tana karce shi. Da damina kuma laima ce matsalar: in ka fito daga ɗaki mai na'urar sanyaya wuri, ka bar kyamara cikin jaka a rufe kamar minti 15 kafin ka buɗe, in ba haka ba gilashi ya yi gumi. Lens ɗin da aka ajiye a wuri mai laima yakan yi fumfuna daga ciki, kamar saƙar gizo, don haka nake ajiye nawa a roba mai murfi tare da ƙullin silika. Irin mai launi nake saya, da ya sauya kala sai in gasa shi a wuta kaɗan-kaɗan har ya dawo yadda yake, in mayar.