Abin da Aikin Horarwa Ya Koya Mini Game da Tseren Mota

Aikina shi ne horas da 'yan wasa da masu neman ƙarfin jiki, a Surulere na yi karatunsa, kuma a nan Legas nake cin abinci da shi. Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a zai gane cewa mutanenmu suna da ma'aunin da suke auna wasa da shi, ko da ba su faɗa da baki ba: a ga gudu, a ga gumi, a ga ƙato ya kai ɗan'uwansa ƙasa. Dambe da kokawa da ƙwallon ƙafa sun cika wannan ma'auni ba gardama. Tseren mota kuwa bai cika shi ba a idon yawancinmu, domin abin da ake gani a talabijin mutum ne zaune cikin mota, inji yana yi masa gudu, ko fuskarsa ba a gani saboda hular kwano.

Hujja mafi ƙarfi da na taɓa ji a kan wannan ta fito ne daga bakin wani dattijo direban tirela a wata majalisa a Agege. Ya ce mini, "Malam, in dai zama bayan sitiyari wasa ne, to ni ya kamata a miƙa wa kofi, don daga Apapa nake ɗauko kaya har Kano." Na ce masa, "Baba, maganarka tana kan hanya," kuma ba don girmamawa kaɗai na faɗa ba. Tafiyarsa ta kai kusan kilomita 1,000, alhali tsere ɗaya na Formula One, babbar gasar tseren motoci ta duniya, bai wuce kimanin kilomita 305 ba, kuma a ƙa'ida ba ya haura awa biyu ana gudu. In da tsawon hanya da juriyar zama ake aunawa, da dattijon nan ya yi wa Lewis Hamilton, shahararren direban Formula One, fintinkau.

Sai dai aikin horarwa ya koya mini in riƙa tambayar wane sashen jiki ne ke ɗaukar wahala, ba wanda ido ya fi gani ba. A tseren mota, wuya ne. Idan direban Formula One ya taka birki da ƙarfi ko ya shiga kwana a guje, jikinsa yakan ji nauyinsa ya ninka har sau biyar. Kan mutum tare da hular kwano yana kai kilo 6 zuwa 7, wanda ke nufin a cikin kwana wuyansa yana riƙe da abin da ya haura kilo 30 yana jan sa gefe guda, kuma dole idonsa ya tsaya cak a kan hanya, domin in kai ya karkata to lissafin kwanar ya ɓaci. Birkin ma ba irin na motocinmu ba ne, da ƙafar hagu ake taka shi, da ƙarfin da ya wuce kilo 100, a maimaita haka kwana bayan kwana har a gama zagaye hamsin ko fiye.

Na ga ɗan ƙaramin misalin wannan da idona lokacin da wani saurayi mai tuƙa ƙananan motocin tsere da ake kira kart ya zo a shirya masa atisaye. Akan ɗaura wa mutum roba mai kauri a goshi, a tsaya a gefensa a ja, shi kuma aikinsa ya hana kansa motsi. Ba a ɗaga komai, ba a gudu, wanda ya leƙo daga ƙofa zai ɗauka wasa muke yi. Wani ɗan kokawa da ke wurin, ƙaƙƙarfa mai ƙirar samudawa, ya yi dariya ya ce a ɗaura masa. Kafin minti ɗaya jijiyoyin wuyansa sun tashi, haɓarsa ta fara rawa, gumi ya tsattsafo masa a bayan kunne, ya ɗaga hannu ya ce a saki. Ba raggo ba ne, jikinsa ne bai saba da irin wannan aikin ba, kamar yadda saurayin ma ba zai jure minti ɗaya a hannunsa a fagen kokawa ba.

Bayan wuya sai zuciya da zafi. Bugun zuciyar direba yakan haura 160 a minti, ya zauna a haka kusan tsawon tseren, cikin kaya masu kauri da aka ɗinka don kare shi daga wuta, a wuri matsattse da inji ke bayansa. A tsere mai zafi kamar na Singafo direba yakan zubar da kilo 2 zuwa 3 na ruwan jikinsa. A tseren Katar na watan Oktoba 2023 abin ya wuce misali: direba Esteban Ocon ya yi amai cikin hular kwanonsa ya ci gaba da tuƙi, Logan Sargeant kuwa ya ajiye mota tun kafin a gama saboda jikinsa ya kasa. Mu da muke zaune a Legas mun san yadda zafi mai ɗauke da danshi yake kashe jiki ko mutum yana zaune a inuwa, ballantana a ce yana yanke shawara cikin ƙiftawar ido a gudun da ya wuce kilomita 300 a awa.

Wannan ya tabbatar mini cewa direban tsere ɗan wasa ne. Bai tabbatar mini cewa gasar tana auna direba shi kaɗai ba, kuma a nan masu shakka suna da gaskiyar da masoya tsere ba sa son ji. A Disamba 2020 Hamilton ya kamu da cutar korona, sai kamfanin Mercedes da yake tuƙa wa mota a lokacin ya aro George Russell daga ƙungiyar Williams ya maye gurbinsa a tseren Sakhir a ƙasar Baharain. Russell bai taɓa samun ko maki ɗaya a motarsa ta Williams ba a lokacin, amma da ya shiga Mercedes sai ya jagoranci mafi yawan tseren, kuma ruɗanin canjin taya da faci ne suka mayar da shi na tara. Mutum ɗaya ne, mako ɗaya tsakani, mota ce kawai ta canza. Haka Fernando Alonso, wanda ya zama zakaran duniya a 2005 da 2006, ya ƙare a matsayi na 17 a 2015 saboda motar ƙungiyarsa McLaren ta shekarar ba ta da ƙarfi. A gudun mita 100 babu takalmin da zai yi wa mutum irin wannan gata ko irin wannan illa.

Amma Bahaushe ne ya fi kowa cancantar fahimtar wannan, domin mu mutanen doki ne. Babu wanda ya taɓa cewa mai sukuwa ba gwani ba ne don doki ne ke gudu, kuma babu wanda ke zuwa filin folo na Ikoyi ya ce mahayan zaune kawai suke. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya yi suna a folo, kuma ba a taɓa jin an ce darajar ta dawakinsa ce su kaɗai ba, ko da yake kowa ya san mai ingarma ya fi mai ƙuru dama. Wasannin dawaki ma suna cikin gasar Olamfik. Hanyar gane gwani a irin wannan wasa ita ce a ba mutum biyu abin hawa iri ɗaya, kuma tseren mota yana yin haka, tunda kowace ƙungiya direbobi biyu take fitarwa. A 2023 Max Verstappen ya ci tsere 19 cikin 22, abokin aikinsa Sergio Perez kuwa, da mota iri ɗaya ta Red Bull, biyu ya ci. Inji bai isa ya bayyana wannan rata ba.

Akwai kuma batun ƙa'ida, wanda shi ne ya raba wasa da ganganci. Hukumar FIA da ke kula da tseren motoci an kafa ta a 1904, kuma Kwamitin Olamfik na Duniya ya amince da ita cikakkiyar amincewa a 2013. Ita ke tsara nauyin mota da girman inji da hukuncin wanda ya saɓa doka, kuma yawancin dokokin kariya da jini aka saye su. Mutuwar shahararren direba Ayrton Senna a filin tsere na Imola a Italiya ranar 1 ga Mayu 1994 ta sa an sake fasalin filaye da motoci, sannan a 2018 aka tilasta sanya ƙarfen da ke kare kan direba. Samarin da ke sheƙa gudu a gadar Third Mainland da tsakar dare ba su da alƙali, ba su da likita a gefe, kuma mutanen da ke kan hanyar ba su amince a yi tsere da rayukansu ba, saboda haka ba na sanya su cikin wannan lissafi ko kaɗan.

Ina ganin babban dalilin da ya sa muke yi wa wasan kallon baƙo shi ne bai taɓa zama a hannunmu ba. Yaro a Idi-Araba yana iya fara ƙwallo da ƙunshin tsumma, amma Hamilton ya fara kart yana ɗan shekara 8, mahaifinsa yana haɗa ayyuka da dama don biyan kuɗin, kuma da McLaren ba ta ɗauke shi yana ɗan shekara 13 ba, da wuya a ji sunansa. Tseren Dakar da ya riƙa ratsa Agadas da hamadar Nijar ya bar nahiyar Afirka bayan soke gasar 2008, ya koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya. Tseren Safari na Kenya, wanda aka fara a 1953, ya dawo cikin gasar duniya a 2021, amma Formula One ba ta sake taka Afirka ba tun tseren Kyalami na Afirka ta Kudu a 1993.