Fata, ƙaro da leda duk dangi ɗaya ne

Jiya na raka ƙanena, mai karatun kimiyyar sinadarai, majemar Damagaram. Muna kallon wani dattijo yana tsoma fatar akuya cikin ruwan bagaruwa, sai ƙanen nawa ya ce mini: "Yaya, fatar nan da ƙaro da auduga da ledar Kasuwar Dole duk polima ne." Wai ƙananan ƙwayoyi ne dubbai suka jeru kamar tasbaha. Bagaruwar kuwa ɗaure su take yi, kada fatar ta ruɓe.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne labarin Staudinger, wani Bajamushe masanin sinadarai. Tun 1920 ya faɗi wannan zance na jeruwar ƙwayoyi, manyan masana suka ƙi yarda, sai 1953 aka ba shi kyautar Nobel. Ba bokiti ko tiyon ruwa da ake yi da polima mutumin yake nema ba, sani kawai.

Mu nan ɗalibi ya ce bincike, sai ka ji "nawa za ka samu?" Alhali da bincike ne a 2016 masanan Japan suka bayyana bakteriya mai cin robar goran ruwa. Mu kuwa ƙaronmu ɗanye muke sayarwa. Da za a ba yaran nan ɗakin gwaji mai kayan aiki, da ƙaron zan so su fara.