Tarihin Rayuwar Jarid Arraes, Kashi na Biyu: Jikar Mawaƙa Ta Shiga Sao Paulo

A makon jiya mun tsaya a Juazeiro do Norte, garin da ke yankin Cariri a kudancin jihar Ceará, arewa maso gabashin Barazil, inda aka haifi marubuciya Jarid Arraes ranar 12 ga Fabrairu, 1991. Mun leƙa gidan da ta tashi: kakanta Abraão Batista da mahaifinta Hamurabi Batista duk marubuta waƙar cordel ne, kuma su ke sassaƙa hoton katakon da ake buga bangon littafin da shi. Wanda kashin farko ya wuce shi, ga abin da zai riƙe. Cordel waƙar talakawa ce. Ana buga ta a 'yar takarda mai araha, shafi takwas ko goma sha shida, a rataya a igiya ko a baza a kasuwa, mai sayarwa ya ɗaga murya ya rera baitocin farko har jama'a su taru. Baiti yakan zo da layi shida ko bakwai, kowane layi gaɓa bakwai, amsa-amo kuwa ba a yi masa wasa. Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban masu baza ƙasidu da waƙoƙin ajami a bakin masallacin Juma'a ya san irin kasuwar da nake nufi.

Gidan nan ya ba ta sana'a a hannu, amma sana'ar ta maza ce tun fil'azal. Daga Leandro Gomes de Barros, wanda ake ɗauka uban cordel, ya rasu a 1918, har zuwa zamanin kakanta, sunayen da ake ji kusan duk na maza ne. Abin da ake waƙewa ma sananne ne: ɗan fashin daji Lampião da aka kashe a 1938, karamomin da ake jingina wa limamin coci Padre Cícero wanda dubban masu ziyara ke cika Juazeiro saboda shi duk shekara, gardamar mutum da Shaiɗan, fari da yunwa. Sai kuma waƙoƙin barkwanci, waɗanda sau da yawa mace ce ko baƙar fata ake mayarwa abin dariya a cikinsu. A nan Jarid ta raba hanya da magabata. Ta karɓi ma'auni da amsa-amo yadda ta same su, ba ta rage gaɓa ko ɗaya ba, amma ta ƙi karɓar dariyar.

Tun tana gida ta fara rubuce-rubuce kan halin mata da wariyar launin fata, a 2013 kuma mujallar Fórum ta ba ta fili tana rubutu a kai a kai. A ƙarshen 2014, tana da shekara 23, ta tattara ta koma Sao Paulo, tafiyar da ta haura kilomita 2,000. Hanya ce da mutanen yankinta suka daɗe suna bi. Shugaba Lula ma yana yaro, a 1952, a bayan babbar mota ya bar Pernambuco da mahaifiyarsa suka nufi jihar Sao Paulo. Miliyoyin mutanen arewa maso gabas sun gina benayen birnin, sun yi aikatau a gidajensa, amma har yau da zarar ɗayansu ya buɗe baki aka ji karin harshensa, akwai masu yi masa kallon baƙauye. Manyan kamfanonin buga littattafai kuwa a Sao Paulo da Rio de Janeiro suke. Mai son a karanta shi a faɗin ƙasar kusan dole ne ya bi ta ƙofarsu.

Abin da ya haifar da littafinta na farko ya faru ne dab da ƙaurar. Ranar 20 ga Nuwamba ta kowace shekara baƙaƙen Barazil na tunawa da Zumbi, shugaban Palmares na ƙarshe. Palmares ƙasa ce da bayin da suka tsere daga gonakin rake suka kafa a tsaunukan Serra da Barriga, cikin jihar Alagoas ta yau, ta kuma yi kusan shekara ɗari tana gagarar Turawan Fotugal da na Holan. An rusa babban birninta a 1694, aka kashe Zumbi ranar 20 ga Nuwamba, 1695. A Nuwamban 2014 Jarid ta yi rubutu tana tambayar masu karatu ko sun san Dandara, jarumar da ake cewa matar Zumbi ce, wadda labarin baka ya ce ta gwammace ta faɗa daga kan dutse da a mayar da ita bauta. Cikin masu mayar mata da martani aka samu wanda ya ce Dandara ai tatsuniya ce kawai. Kamar yadda ta sha ba da labari, maganar ta tsaya mata a rai, sai ta yanke cewa in tatsuniya ce, to sai an samu mai rubuta ta.

A Yulin 2015 As Lendas de Dandara ya fito, wato tatsuniyoyin Dandara, da zane-zanen Aline Valek. Ba wani kamfani da ya ɗauki nauyinsa, ita ta buga abinta. Kafin shekara ta zagayo kwafin ya ƙare, a 2016 wani kamfani mai suna Editora de Cultura ya sake buga shi, daga baya kuma aka fassara shi zuwa Faransanci.

Ina so in ɗan tsaya a nan, domin a ganina wannan ne wurin da halinta na marubuciya ya fara bayyana. Takardun Turawan zamanin sun ajiye sunan Zumbi saboda sun yi yaƙi da shi sun sare kansa, amma ba su ajiye labarin Dandara ba, shi ya sa masana tarihi ke taka-tsantsan da ita. Da Jarid ta so, da ta murje ido ta kira littafinta tarihi, kuma da ta samu masu tafa mata. Ba ta yi haka ba. Ta kira shi tatsuniya tun daga bango, ta sa wa jarumarta asali na al'ajabi, ta bar mai karatu ya san inda takarda ta ƙare, inda alƙalamin mawaƙiya ya karɓa. Wannan gaskiyar tana burge ni ƙwarai. Mutanen da aka hana rubutu, aka raba su da sunayen iyayensu a bakin jirgin ruwa, ba za a ce musu sai sun kawo takardar shaida kafin a tuna da matansu ba. Amma kuma ba a rama ƙarya da ƙarya.

A shekarar 2015 ɗin ta kafa ƙungiyar rubutu ta mata a Sao Paulo, Clube da Escrita Para Mulheres, inda mata ke haɗuwa su karanta wa juna abin da suka rubuta, a gyara, a ƙarfafa gwiwa. Ita kanta ta faɗi cewa ta girma tana karanta manyan mawaƙa maza irin su Carlos Drummond de Andrade da Manuel Bandeira, sai da ta zama budurwa ta gano akwai mata baƙaƙe masu rubutu a ƙasarta, irin su Conceição Evaristo. A ƙasar da ƙidayar 2022 ta nuna fiye da kashi 55 cikin 100 na jama'arta baƙaƙe ne ko ruwa biyu, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne.

Duk wannan lokaci ba ta ajiye cordel ba. Ta riƙa ɗaukar mata baƙaƙe na tarihin Barazil ɗaya bayan ɗaya, kowace ta yi mata ɗan littafinta na waƙa, tana bugawa tana sayarwa da kanta. Malaman makaranta suka yi caa a kansu, kuma akwai dalili. Tun Janairun 2003 doka mai lamba 10.639 ta wajabta koyar da tarihin Afirka da na baƙaƙen Barazil a makarantu, sai dai doka ba ta zo da littafin da za a sa a hannun yaro ba. Ga kuma waƙa mai araha, mai daɗin rerawa, da za a gama a zama ɗaya. A 2017 kamfanin Pólen ya haɗa goma sha biyar daga cikinsu a littafi guda, Heroínas Negras Brasileiras em 15 Cordéis.

A ciki akwai Maria Firmina dos Reis ta Maranhão, malamar makaranta da ta fitar da littafin ƙagaggen labari na adawa da bauta tun 1859, shekara 29 kafin a soke bautar a 1888. Akwai Carolina Maria de Jesus, mai tsintar takardu a bolar Sao Paulo, wadda littafin abubuwan da take rubutawa kullum ya fito a 1960 ya zagaya duniya. Akwai Na Agontimé, matar sarkin Dahomey da aka sayar zuwa ƙetaren teku. Wadda ta fi taɓa ni ita ce Esperança Garcia, baiwa a Piauí. Ranar 6 ga Satumba, 1770, ta ɗauki alƙalami ta rubuta wa gwamna wasiƙa da hannunta, ta kai ƙarar dukan da ake yi mata da ɗanta, ta roƙi a mayar da ita wurin mijinta a kuma bar ta ta yi wa 'yarta baftisma. Wasiƙar ta kwanta a ma'ajiyar takardu fiye da shekara 200, sai a 1979 masani Luiz Mott ya ci karo da ita. A 2017, shekarar da littafin Jarid ya fito, ƙungiyar lauyoyin Piauí ta amince da ita a matsayin lauya mace ta farko a jihar.

Akwai kuma Luísa Mahin, kuma a nan labarin ya ratso ta ƙofar gidanmu. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun jefa Hausawa da yawa hannun masu fataucin bayi, aka tsallaka da su Bahia da ke Barazil. A can su ne kan gaba a yunƙurin tawaye na 1807 da boren 1814. A daren 24 ga Janairu, 1835, cikin watan azumi, Musulmin Salvador, babban birnin Bahia, akasarinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka fito da fararen riguna suka yi boren da ake kira na Malê. Bayan an murƙushe su, a jikin waɗanda aka kashe aka tarar da layu ɗauke da ayoyi da addu'o'i cikin rubutun Larabci. Labarin baka na Barazil ya sa Luísa Mahin a tsakiyar wannan bore, yana cewa mai tallar abinci ce da ke kai saƙo tsakanin masu shiri. Abin da ke rubuce game da ita ya fito ne daga ɗanta, lauya kuma mawaƙi Luís Gama, wanda mahaifinsa ya sayar da shi yana ɗan shekara 10, ya girma ya 'yantar da ɗaruruwan bayi a kotu. A wasiƙar da ya rubuta a 1880 ya ce mahaifiyarsa 'yar Afirka ce 'yantacciya, 'yar ƙaramar mace mai zafin zuciya da ta ƙi a yi mata baftisma, an kama ta fiye da sau ɗaya bisa zargin shirya boren bayi, ta tafi Rio de Janeiro a 1837 ba ta dawo ba. Ya neme ta har ya gaji bai same ta ba. Yau yara a ajin makaranta suna rera sunanta cikin baitocin jikar Abraão Batista.

Jarid tana da shekara 26 lokacin da wannan littafi ya fito, kuma an riga an liƙa mata sunan mai cordel, sunan da wasu a Sao Paulo ke faɗa da ɗan raini, kamar ba adabi ba ne. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ga yadda ta juya ga waƙar da ba ruwanta da amsa-amo a 2018, da gajerun labaran matan Cariri da suka kai ta bikin adabi na Paraty a 2019, kafin littafinta na ƙagaggen labari, Corpo Desfeito, ya fito a 2022.