Allon tunawa a majami'ar Yahudawa ta Brooklyn

Ƙanena da ke karatu a New York ne ya aiko mini da hoton, ina zaune a ƙofar gida a Tudun Wada, nan Gombe, bayan sallar la'asar. Allo ne da aka kafa a zauren shiga majami'ar Yahudawa ta Union Temple da ke Brooklyn, domin tunawa da David Marcus, kanar a rundunar sojan Amurka, wanda ya tafi yaƙin 1948 don raɗin kansa, ya yi wa Isra'ila yaƙi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ajalinsa ya zo. A watan Yuni na 1948, kusa da Abu Ghosh, wani ƙauye a yammacin birnin Ƙudus, ya fito da dare lulluɓe da farin mayafi, mai gadi ya tsayar da shi da Ibrananci, shi kuwa ya amsa da Turanci domin ba ya jin harshen, sai mutumin nasu ya harbe shi bisa kuskure. A wannan majami'a aka yi masa addu'ar jana'iza, sannan aka binne shi a maƙabartar makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka ta West Point.

Allon bai faɗi komai ba game da Falasɗinawan da yaƙin ya raba da gidajensu, kuma wannan ya dame ni.

Da na nuna wa Baba hoton, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce yayansa ma da ƙafarsa ya shiga soja, ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba, kuma sai a addu'ar bayan sallah ake ambaton sunansa.