Wai ni ba na jin wasa

Ni fa har yau ban yarda da masu cewa ba ni da raha ba. Ina dariya wlh, kawai dai tawa a makare take zuwa, sai an watse daga majalisa ina cikin adaidaita sahu mun kusa Kabuga sannan maganar ta faɗo min, in ƙyalƙyale ni kaɗai, mai adaidaitan yana leƙo ni ta madubi.

Abin da ke kayar da ni gatse ne, musamman irin na 'yan Kantin Kwari, mutum zai yanko magana fuskarsa a ɗaure kamar mai karanta sanarwar rasuwa a rediyo. Ka shigo shago sha ɗaya ta wuce, kawu ya ce "a'a Alhaji, yau sammako aka yi? da ka ɗan ƙara hutawa ai", ni kuma in ce a'a kawu na huta Alhamdulillahi, yaran shago su kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. To ni ta ina zan gane? Maganar babba ce, an koya mana in babba ya yi magana ka amsa da ladabi, ba wanda ya ce ka tsaya ka leƙa ƙarƙashinta tukunna.

Amma wasan da aka san inda ya dosa ai ba a fi ni ba. Bazazzage ya shigo ya ce ina bayina Kanawa, kafin ya zauna na rama, don na san tsakaninmu da Zage-zagi haka abin yake tun kaka da kakanni, haka Fulani da Barebari, haka Gobirawa da Yarabawa. Taubasaina kuwa in watan cika-ciki ya kama mu yi ta rigimar kuɗin shara har a gaji. Kakata ta ce mijin nan nawa ko cefane ba ya bayarwa, in ce ai kishiya zan yi miki. Tashe ma in azumi ya kai goma, Nalako ya fito farautar gwauraye, ina cikin masu shewa duk da ni ma gwauron ne. Duk waɗannan tun kafin a buɗe baki na san wasa ne, shi ya sa.

Guruf ɗin WhatsApp kam ba a magana, ba fuska ba murya, in ba a manna ɗan hoton dariyar nan ba shikenan na ɗauka da gaske.

Dariyar da ake min ba ta dame ni ba gsky. Abin da ke min ciwo shi ne in iso majalisa ana tsaka da raha sai a yi tsit, wani ya ce "ustazu ya zo", a koma zancen tsadar buhun shinkafa a Singa, wai ana girmama ni.

Sai kuma wasu da suka samu kafa, tunda an riga an ce ba na jin wasa, mutum ya goranta min rashin aure ko ya taɓo gidanmu a gaban jama'a, in na ɓata rai ya ce "kun gani ko? wasa fa nake". Ƙarya yake. Wannan kam tun bai rufe baki ba nake gane shi.